An Ba Baffanta Haƙuri

'Yata ta fari tana da in'ina. Da ita ta fara magana, kuma ba ta taɓa hana ta surutu ba. Gidanmu a Limawa babban gida ne irin na da, kakan maigidana ne ya gina shi lokacin da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, kuma duk yawan mutanen gidan babu wanda ya kai yarinyar nan zuba. Kalma za ta maƙale mata, ta runtse ido, ta buga ƙafa a ƙasa, kalmar ta fito, ta ɗora daga inda ta tsaya kamar ba a yi komai ba. In ka yi gigin ƙarasa mata, to kai da ita ne. "Bari in faɗa da kaina," haka take cewa, ko da kakarta ce. Mun saba har mun daina ji.

Tana da shekara goma sha huɗu, tana aji uku na ƙaramar sakandare a wata makaranta da ke hanyar Chanchaga, aka zaɓe ta ta yi jawabin godiya ranar rabon kyaututtuka. Malamarsu ta Turanci ce ta zaɓe ta, wata doguwar mata 'yar Gbagyi, Kirista, wadda ba ta ɗaukar wargi. Wasu malaman sun so a sa wata yarinyar. Ita kuwa ta ce wadda ta zo ta ɗaya ita ke jawabi, ba a taɓa cewa sai mai santsin baki ba. Yarinyar nan ta yi makonni tana haddar jawabin, a gaban madubi, a bakin murhu, a kan ƙannenta, har autanmu da bai shiga firamare ba ya iya farkonsa.

Ranar taron an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, iyaye sun cika fili. Makarantar ta ɗauko mai gabatar da taro, irin waɗanda ake haya a bukukuwa su riƙe makirufo suna ba mutane dariya. Kowa a Minna ya san shi, don yana da shafi a intanet mai mabiya da yawa, inda yake sa bidiyon barkwanci. Ba yaro ba ne. Akwai furfura a gemunsa, yana da iyali, kuma 'yarsa ta fari ta girmi tawa. Na ga ya kafa wayarsa a kan wani ƙarfe tana kallon dandamali, ban kawo komai a raina ba.

Aka kira 'yata, ta hau, ta fara da kyau. Ta kai tsakiya sai kalma ta riƙe ta. Ta runtse ido, leɓenta na rawa, ƙafarta na dukan katako, makirufo kuma yana ɗauko kowane sauti yana watsa wa fili. Ni ina zaune na damƙe bakin hijabina ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ta daɗe fiye da yadda ta saba, gaskiya. Amma kalmar ta fito, ta ƙarasa jawabinta har ƙarshe, fili ya ɗauki tafi, malamarta ta rungume ta a gaban kowa. Muka dawo gida a keke tana rungume da littattafan da aka ba ta, tana ta ba ni labarin abin da na gani da idona.

Ba a yi mako ba matar maƙwabcinmu ta shigo da rana ina tsintar shinkafa, waya a hannunta, fuskarta wani iri.

"Maman yara, kin ga wannan kuwa?"

Na karɓa na duba. 'Yata ce. Mutumin ya yanke duk jawabin ya zubar, ya bar daidai wurin da ta maƙale, ya sa yana maimaita kansa. Ya ɗora masa ƙarar janareto da ake ja yana ƙin tashi. A gefen hoton kuma ga fuskarsa, yana kwaikwayon jan igiya, yana dariya har da share hawaye. A sama ya rubuta: Janareton Limawa ya ƙi tashi, a taimaka da mai.

Na ajiye tiren shinkafar na zauna ina karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, kuma abin da har yau yake tafasa min zuciya shi ne, ba yara ba ne. Da yara ne da na ce ƙuruciya. Akwai alhaji da ya sa hotonsa da harami a shafinsa, ya rubuta wai a kai ta wurin bakanike. Akwai mata mai goyo a hotonta, ta jera fuskokin dariya kamar an biya ta. Akwai wadda na sani ido da ido, mai sayar da atamfa, wadda ta ci tuwon sunan yarinyar nan a tsakar gidanmu, ita ma ta rubuta wai cikinta ya ƙulle. Wasu ba su tsaya nan ba, sai da suka ɗauki nasu bidiyon suna runtse ido suna buga ƙafa. Ƙatti da gemu, matan aure da lalle a hannu, sun sayi data da kuɗinsu don su yi wa 'yar shekara sha huɗu dariya. Wallahi na tsane su, kuma ban ce na daina ba.

Kafin mu yi dabarar ɓoye mata, unguwa ta riga mu. Na aike ta sayen barkono, yaran layi suka bi ta suna ƙarar janareto da baki. Mai keken da ke kai su makaranta ya waiwayo ya tambaye ta ko an samo man. A aji, da malami ya kira ta, sai a ji sautin daga baya. Da farko aike ta daina zuwa. Daga nan ta ce kanta na ciwo, ba za ta makaranta ba, ga jarrabawar gama aji uku ta ƙarato. Daga nan sai magana. In an tambaye ta ta ɗaga kai ko ta girgiza. In ƙannenta sun tsokane ta ta tashi ta bar musu wurin. Gidan da muke roƙon ta yi mana shiru mu ji labarai a rediyo, sai ga shi muna zaune muna jira ta ce ko da ruwa ne a ba ta.

Babanta mutum ne mai sanyi, kayan gyaran babur yake sayarwa, bai iya faɗa ba ko da mai bin sa ne ya zage shi. Ya nemo lambar mutumin ya kira shi a gabana, ya yi masa magana cikin girmamawa, ya roƙe shi ya cire. Ina jin muryarsa ta waya yana dariya.

"Haba Alhaji, wasa ne fa. Ai suna na yi mata. Wasu biya na suke in sa su a shafina."

Maigidana ya ce to Allah ya kyauta, ya kashe waya. Ni kuwa na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada yara su ji abin da ke bakina.

Malamar Turancin ce ta zo har gida bayan an tashi makaranta, da alli a jikin siket ɗinta. Ta shiga ta zauna kusa da yarinyar ta yi ta magana, ba ta samu amsa ba. Ta fito idonta ja, ta same ni a tsakar gida. Hausarta irin ta mutanen garin nan ce da suka koya a kasuwa, amma ban taɓa jin magana ta shige ni kamar tata ba.

"Maman yarinya, wannan ba wasa ba. Ni na sa shi a gaba, ni na ce ya yi magana. Akwai doka fa. Babban mutum ba zai yi ma karamin yaro haka, ya tafi gida ya ci abinci ba. Abeg ki sa hijabi mu je."

Lokacin maigidana ya tafi sarin kaya kudu. Na kira shi, ya ce in yi abin da na ga ya dace. Ban jira ya sake tunani ba. Muka je ofishin 'yan sanda ni da malamar, na shigar da ƙara da sunana a matsayin uwa. Wani daga cikin 'yan sandan da ke zama a kantar karɓar ƙara yana ganin bidiyon ya ce au, ashe wannan ce, ya fara murmushi, sai da malamar ta yi masa wani kallo ya haɗiye. Amma wadda aka ba aikin mace ce, ta saurare mu sosai, ta ce abin da mai bidiyon ya yi cin mutunci ne kuma yarinyar ƙarama ce, doka ta san da wannan. Aka gayyato shi. Da ya ga abin ba na dariya ba ne, har an ce za a kai kotu, sai ya tuna ashe a garin nan akwai manya.

Wata Juma'a bayan la'asar suka zo ban haƙuri. Mai unguwa, limamin masallacinmu, dattawa biyu daga dangin mutumin, da shi kansa cikin babbar riga, ya sunkuyar da kai kamar na Allah. Sun zo da ƙullin goro da alawa. Aka shimfiɗa musu darduma a zaure. Yayan maigidana, wanda yara ke kira Baffa, shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinsu, don haka shi ya karɓe su. Maigidana ya dawo daga tafiya, yana zaune a gefe a matsayinsa na ƙane, wanda ba ya magana in yayansa na wuri. Ni kuma ina tsaye a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida.

Wurina ke nan a al'ada, kuma ba don ni mace ce kaɗai ba. 'Yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, sai dai in ce ke, ko yarinyar nan. Ban taɓa yi mata wasa a gaban surukaina ba. Tana rarrafe in ta faɗi, gwaggonta ke ɗaga ta, ni in kau da kai kamar ban gani ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi, kuma ina alfahari da kunyata. Yadda na fahimci abin shi ne, uwa tana yin shiru a kan ɗan fari ne saboda yana da dangi da za su yi magana dominsa. Na riƙe nawa ɓangaren shekara goma sha huɗu. Ranar nan na tsaya in ji sun riƙe nasu.

Liman ya buɗe da addu'a, ya yi nasiha a kan haƙuri da falalar mai yafiya. Mai unguwa ya ce kotu ba ta haɗa zumunci, kuma mutumin nan mai iyali ne, sana'arsa da sunansa take tafiya. Sannan shi gogan ya matso ya durƙusa a gaban Baffa.

"Baba, na yi kuskure. Sharrin Shaiɗan ne. A yafe mini don Allah."

Baffa ya gyara zama. Na san shi da son a girmama shi, ga shi yau mai unguwa da liman sun tako har zaurensa.

"Ba komai, tashi, tashi. Ai tunda ka zo da manya magana ta ƙare. Yarinya ce, gobe ta manta. Mun yafe duniya da lahira. Za a je a janye ƙarar."

Aka ce a shafa fatiha. Babu wanda ya tambayi yadda take. Babu wanda ya ce a kira ta. Tana nan a ɗakin da ke bayan zauren, bango ɗaya ne tsakaninsu, ta yi makonni ba ta haɗa jimla ba, su kuma suna raba goro a kanta. An ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara ya zuba masa. A gidanmu ranar nan yarinya aka mayar juji, manya suka karɓi godiya.

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Na yi sallama, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce ban da tarbiyya ta kowane gefe. Sannan na ce, "Yaya, a gafarce ni. Tambaya gare ni. Wa aka yi wa laifin nan?"

Duk suka juyo. Baffa ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Ke! Lafiyarki? Maganar 'yar fari ce fa ake yi."

"Na sani, Yaya. Ni na haife ta."

"To shiga ciki. An gama."

"Ba a gama ba. Kai aka yi wa dariya a gari? Kai yara ke bi a layi? Na ji an ba ka haƙuri ka karɓa. Ita fa? Ga ta can a ɗaki. In haƙuri ya zo bayarwa, a kira ta ya dube ta ya ba ta. In ta yafe, ni ma na yafe."

Ɗaya daga cikin dattawan da suka rako shi ya yi salati ya tafa hannu. "Magidanci da gemunsa ya durƙusa wa yarinya? Ina aka taɓa yin haka, 'yar nan?"

Na ce, "Baba, da gemun nasa ya yi mata abin da ya yi."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai tsawata min ba, kuma na riƙe masa wannan a matsayin alheri. Shi kuwa mutumin ya ɗago ya dube ni, na ga abin da ke idonsa. Babu nadama ko ta ƙwayar gero. Lissafi yake yi, yana jira manya su yi masa maganin wannan mata. Nan na ce musu ni na kai ƙara, kuma ba zan janye ba.

Baffa ya juya ga ƙanensa. "Kana jin matarka?"

Maigidana ya dubi darduma. Ya ce, a hankali, "Yaya, ita ta kai ƙarar, ba ni ba." Iyakar jarumtar da Allah ya ba shi ke nan, kuma ranar ta ishe ni. Suka tashi suka bar goron a nan, babu wanda ya taɓa shi daga cikin gida.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa wa duk matar da ta zauna a babban gida ba. Na gaida matan sauran sassan su amsa da hanci. Surukata ta kira ni ta ce ba ta taɓa ganin uwa ta tsaya a gaban maza tana haƙilo a kan 'yar fari ba, na kunyata gidan, kuma kotu ba wurin zuwan 'ya mace ba ne, tambarin zai bi ta har gidan miji. Na ce, "Hajiya, tambarin da ke kanta yanzu fa, wa zai goge?" Ta ce in tashi in ba ta wuri. A guruf ɗin matan unguwa aka yi ta habaici a kan masu kai mutum kotu saboda wasa, na karanta na fita daga guruf ɗin.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, shi ne yarinyar nan. Mai gabatar da ƙara ya ce dole sai ta yi bayani da bakinta a gaban alƙali. Na same ta da hantsi tana ninke kayan ƙannenta, na zauna a bakin gado na gaya mata komai. Na ce in ba ta so, gobe zan je in janye, kuma ba zan ji haushinta ba ko kaɗan. Ta ci gaba da ninki har na ɗauka ba za ta amsa ba. Sai ta runtse ido, ta yi ta kokawa da kalmar, ta ce, "Zan je, Umma." Na fita tsakar gida na yi kukana a bayan randa.

Shari'a kuwa sai mai haƙuri. Yau a ce lauyansa bai zo ba, gobe a ce an ɗaga. Mun yi ta zarya a keke har masu shayin bakin kotun suka san mu. Malamar Turancin ba ta taɓa fashi ba, in tana da darasi ta nemi wanda zai riƙe mata. Ranar da aka zo kan yarinyar, mai shari'ar, wata dattijuwa mai tabarau, ta sa aka fitar da duk 'yan kallo saboda ƙarama ce. Aka bar mu mu kaɗan. Shi yana tsaye a cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, babu makirufo, babu waya.

Ta fara bayani, kuma in'inar ranar ta fi ta kullum. Kowace jimla sai ta tsaya. Da ta maƙale a wani wuri lauyansa ya yi caraf ya ƙarasa mata, wai yana taimako. Mai shari'ar ta sauke tabarau ta ce, "Lauya, ba kai ake tambaya ba. Kotu ba ta sauri." Daga nan babu wanda ya ƙara motsi. Ta faɗi yadda ta yi haddar jawabin, da abin da mai keke ya ce mata, da yadda take jin ƙarar janareton maƙwabta ta toshe kunne. Shi kuma yana tsaye dole ya jira kowace kalma har ta fito. Na zuba masa ido tun daga farko har ƙarshe, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin gumi na bin wuyan babbar rigarsa.

Lauyansa ya ce barkwanci ne, taron jama'a ne, kuma ba a ambaci sunanta ba. Mai shari'ar ba ta karɓa ba. Ta same shi da laifi, ta ci shi tara, ta ce ya cire bidiyon, kuma ya fito a shafin nan nasa ya ba da haƙuri a fili. Tarar a nan take ya biya, ko gezau. Amma ni na fito ina jin an share mana hawaye. A keke yarinyar nan ta yi magana fiye da duk abin da ta faɗa a watannin baya. Ta tambayi malamarta inda aka kai a darasi, ta ce ranar Litinin za ta koma.

Ya ba da haƙurin kamar yadda aka ce. Ya sa farin kaftani, ya riƙe carbi, ya marairaice fuska, ya ce ɗan Adam ajizi ne, ya yi wa wata yarinya wasa iyayenta ba su fahimta ba, yana neman afuwa. Mabiyansa suka yi ca. Wannan ya ce Allah ya ƙara masa haƙuri, wancan ya ce ɗaukaka ce ke jawo hassada, wata ta ce uwar ce fitinanniya, a yi wa yarinyar addu'a da irin wannan uwa. Sai waɗanda ba su ga na farkon ba suka fara tambaya, wace yarinya ce, me ya faru? Masu zuciyar taimako kuwa ba su bar su cikin duhu ba. Shi ya cire nasa, amma yana cikin wayoyin mutane, suka yi ta liƙa shi a ƙarƙashin ban haƙurin don kowa ya gane. Waɗanda suka manta suka tuna, waɗanda ba su sani ba suka sani.

Ta koma makaranta ranar Litinin ɗin kamar yadda ta ce. Kafin azahar ta dawo ita kaɗai, ta ajiye jaka, ta shige ɗaki.

Na koma wurin mai gabatar da ƙara da wayata cike da abin da mutane suka sake sawa. Ya duba, ya yi ajiyar zuciya, ya ce kowane ɗaya sai an shigar da ƙararsa daban, rabinsu kuma ba da sunansu na gaskiya suke ba. Ya ce, "Hajiya, Minna gaba ɗaya za ki kai kotu?" Na ce masa da zan iya da na kai. Ba shi da laifi, gaskiya ya faɗa, amma na fito ofishinsa ina jin kamar in fasa wayar a kan kwalta.

Ban yi nadamar zuwa kotu ba, kuma duk wanda yake jira in ce na yi sai ya gyara zama. Ko ba komai an rubuta a wani wuri cewa abin da aka yi mata laifi ne, kuma ta ji wata babba mai iko ta faɗa a gabanta. Amma mutum ɗaya aka hukunta. Alhajin nan mai harami yana sahun gaba a masallaci. Mai atamfa tana shagonta, har tana aiko min da gaisuwa. Shi kansa gogan yana nan yana riƙe makirufo, kasuwarsa ma ƙaruwa ta yi. Na gan shi a wani biki ana yi masa liƙi, mata na shewa, na ɗauki jakata na fita ban ci abincin ba. Baffa kuwa har yau in na gaishe shi sama-sama yake amsawa, shi a dole an ɓata masa sulhu.

Yarinyar nan da kanta ta ce a kai ta garin Gwada wurin mahaifiyata. A can aka sa ta wata makaranta, ta maimaita aji ukun, ta zauna jarrabawar da ta wuce ta, kuma ta ci da kyau. Tana taya kakarta harkar doya ranar kasuwa, ta yi ƙiba, ta yi tsawo. In na kira ta a waya tana amsa min, lafiya lau, Umma, komai lafiya.

Da na je ganinta a ƙarshen zango na biya makarantar in gode wa malamai. Malamar ajinsu ta tarbe ni da fara'a, ta kawo min kujera, ta ce ai dole ta yaba min tarbiyya. Ta ce a duk ajin babu mai natsuwar 'yata, ba ta surutu, ba ta ɗaga hannu ta dami mutane, tun da ta zo ba a taɓa jin muryarta a aji ba. Tana faɗa tana murmushi, tana jira in ce na gode.